Sifilin Mariƙiya: Haraji, Tallafi da Fansho a Birtaniya



Bahaushe bai san riƙo da takarda ba. Ƙanwa ta haihu da yawa, yayarta Allah bai ba ta ba, sai a yaye ɗaya a kai mata. Ko uba ya rasu, baffa ya kwashe marayu ya haɗa da nasa. Ba mai tambayar nawa aka kashe, ba mai zuwa duba ɗakin da yaron zai kwana. A Birtaniya kuwa riƙo aiki ne da hukuma ke tantance mai yinsa na tsawon watanni, ta ba shi yaro, ta biya shi, sannan ta riƙa aiko jami'in jin daɗin jama'a yana leƙo gidan. A Ingila kaɗai yara fiye da 80,000 ne ke hannun ƙananan hukumomi, kuma kusan biyu bisa uku a gidajen mariƙa suke kwana. A cikin yaran, a 2024, akwai fiye da 7,000 da suka shigo ƙasar su kaɗai neman mafaka, da yawansu daga Sudan da Afganistan da Eritiriya, shi ya sa hukumomi ke ta cigiyar gidajen Musulmi da za su karɓe su.

Laccar yau a kan kuɗin wannan aiki take. Mariƙiya ɗaya ce, amma ofisoshi uku ke hulɗa da ita, kowanne da sunan da ya raɗa mata. Ƙaramar hukumar da ta ba ta yaro ta ce ita ba ma'aikaciyarta ba ce. Hukumar haraji, HMRC, ta ce mai sana'ar kanta ce, sahu ɗaya da tela da direban tasi. Ma'aikatar ayyuka da fansho, DWP, mai rabon tallafi, ta ce kuɗin da ke shigo mata daga riƙo ita ba ta gan shi ba. Duka ukun a kan doka suke magana.

Kuɗin da ake biyanta yawanci kashi biyu ne. Akwai alawus na yaro, na abinci da sutura da kuɗin mota da kuɗin kashewa, wanda tun 2007 gwamnati ke ƙayyade mafi ƙanƙantarsa a Ingila gwargwadon shekarun yaro da yankin da gidan yake, Landan ce a sama. Akwai kuma ladan ita kanta mariƙiyar, wanda babu dokar da ta tilasta adadinsa, kowace ƙaramar hukuma da kowane kamfanin riƙo mai zaman kansa da nasa tsarin. Ba ta da mafi ƙarancin albashi, ba ta da kuɗin hutun jinya, kuma in aka ɗauke yaro yau, a wurare da dama biya ya tsaya ke nan sai an kawo wani. An sha zuwa kotu a kan haka. A 1998 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila, a wata shari'a da ƙaramar hukumar Essex, ta ce abin da ke tsakanin mariƙi da hukuma ba kwantiragi ba ne, doka ce ta shimfiɗa shi. A 2017 wasu ma'aurata a Gilasgo suka ci nasara a kotun ma'aikata aka ce su ma'aikata ne, aka kuma tabbatar da hukuncin a 2020, amma alƙalai sun ɗaure maganar a kan irin yarjejeniya ta musamman da suka sa wa hannu. Sauran mariƙa suna nan inda suke.

To tunda an ce mai sana'ar kanta ce, sai ta yi rajista da hukumar haraji. Shekarar haraji a Birtaniya tana farawa ran 6 ga Afrilu, ta ƙare ran 5 ga Afrilu na gaba. Wadda ta fara riƙo a cikin shekara, wa'adinta na rajista shi ne 5 ga Oktoban da ke bin ƙarshen shekarar. Za a ba ta lamba mai alƙaluma goma, da ita za ta riƙa cike fom ɗin bayyana kuɗin shiga kowace shekara: na takarda kafin ƙarshen Oktoba, na intanet kafin ƙarshen Janairu.

A nan ne gwamnati ta yi wa mariƙa gata wanda ba ta yi wa tela ba. Tela yana tara rasit na zare da allura da kuɗin wuta, ya cire daga cinikinsa, abin da ya saura shi ne riba. To mariƙiya ta yaya za ta raba tukunyar miya, ta ce wannan ludayi na ɗan riƙo ne, wannan na ɗan cikinta? Saboda haka a 2003 aka ƙirƙiro rangwame na musamman: fam 10,000 a shekara ga kowane gida, da ƙarin fam 200 a mako ga yaron da bai kai shekara 11 ba, fam 250 ga wanda ya kai. Duk abin da ta karɓa da bai haura jimlar wannan ba, a idon hukumar haraji ribarta sifili ce.

Sai aka manta da alƙaluman. Shekara ashirin cur ba a taɓa su ba, alhali kuɗin burodi da na gas suna ta hawa. Sai a Afrilun 2023 aka ɗaga su a tashi ɗaya zuwa fam 18,140, da 375, da 450, aka kuma ɗaure su da hauhawar farashi don kada a maimaita. A shekarar haraji ta 2025 zuwa 2026 sun kai fam 19,690 ga gida, fam 415 a mako ga ƙaramin yaro, fam 495 ga babba.

A ƙaddara wata mariƙiya a Manchesta. Yarinya 'yar shekara takwas ta yi shekarar duka a hannunta, mako 52, wato fam 21,580. An kuma kawo mata wani saurayi ɗan shekara 14 ya yi mako 20, wato fam 9,900. A haɗa da fam 19,690 na gida, rangwamenta ya zama fam 51,170. In duk abin da aka biya ta a shekarar, alawus da lada da kuɗin mota, fam 38,000 ne, ba ta ma kusanci shingen ba, ba ta da harajin ko sisi. A ƙaddara kuma wani mariƙi mai yaro ɗaya ɗan shekara 13 wanda ke buƙatar kulawa ta musamman, aka biya shi fam 50,000. Rangwamensa fam 45,430 ne, ribarsa 4,570. Wannan ma ba ta kai fam 12,570 da ake yafe wa kowane mutum kafin a fara yankar haraji ba, sai fa in yana da wani aikin albashi da ya riga ya cinye wannan yafiyar.

Akwai 'yan ƙananan abubuwa a lissafin da ke sa mutum ya cuci kansa. Mako a nan daga Litinin yake farawa, kuma guntun mako cikakken mako ne. Yaron da aka kawo daren Asabar aka ɗauke shi ran Talata, kwana uku ya yi, amma mako biyu za a rubuta. Fam 19,690 ɗin nan kuma na gida ne: miji da mata da ke riƙo tare raba shi za su yi, ba kowa da nasa ba. Wadda aka amince da ita a tsakiyar shekara kuma, gwargwadon kwanakinta za a yanka mata. Doka ta bar wa mutum zaɓin ya bi hanyar tela, ya tara rasit ya cire ainihin abin da ya kashe, amma tun da aka ɗaga rangwamen da wuya a samu wanda wannan wahalar za ta amfana.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ce tunda ba a bin sa komai, ba sai ya cike fom ba. Wanda hukuma ta nemi fom daga gare shi ya makara, tarar fam 100 ce daga ranar farko, ko da ribar sifili ce, kuma tana ƙaruwa in aka wuce wata uku.

Yanzu ga batun tallafi, wanda a nan ne tsofaffin mariƙa da sababbi ke yi wa juna gardama, kowa kuma yana da gaskiya a zamaninsa. A Afrilun 2003, lokacin Gordon Brown yana ministan kuɗi, aka kawo tallafi iri biyu da hukumar haraji ke biya: na masu aiki da ƙaramin samu, da na masu yara. Mariƙiya tana iya neman na masu aiki, domin a idon hukumar riƙo sana'a ce, kuma ba wanda zai yi musun cewa mai kula da yaro dare da rana ta cika awa 30 a mako. Da aka zo tambayar kuɗin shiga kuwa, sai ta rubuta ribar nan tata, sifili. Ga cikakken aiki, ga babu samu, sai tallafi ya fito da kauri. A lokaci guda kuma ma'aikatar fansho ba ta ɗaukar riƙo a matsayin aiki, saboda haka wata mariƙiyar kan zaɓi tallafin marasa aiki. Masu ba da shawara kan zauna da alƙalami su auna wanne ya fi tsoka.

Wannan ƙofa an rufe ta. Dokar gyaran tallafi ta 2012, wadda Iain Duncan Smith ya jagoranta, ta narkar da tallafi iri shida ta zuba su a tukunya ɗaya da ake kira Universal Credit, wato tallafin bai-ɗaya. An fara gwada shi a 2013 a garin Ashton-under-Lyne kusa da Manchesta, aka yi ta jan ƙafa fiye da shekara goma, har ran 5 ga Afrilun 2025 aka daina biyan tsohon tallafin haraji gaba ɗaya. Waɗanda ke kansa an aika musu wasiƙa da wa'adin wata uku su koma sabon tsari. Wanda ya amsa a kan lokaci an cike masa giɓi in sabon bai kai tsohon ba. Duk wanda yau ya ce wa sabuwar mariƙiya ta je ta nemi tallafin masu aiki, labarin shekarun baya yake ba ta.

A sabon tsarin, kuɗin riƙo dukansa, alawus da lada, ba a lissafa shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mai albashi kan rasa fene 55 na tallafi a kan kowane fam da ya samu bayan ɗan abin da aka yafe masa. Sauran masu sana'ar kansu kuma akwai wata ƙa'idar da ke matse su: bayan shekarar farko ana ƙaddara cewa suna samun mafi ƙarancin albashi ko da ba su samu ba, a rage musu tallafi a kan haka. Mariƙiya ba ta cikin wannan. Wadda ba ta da miji, ta kai shekara 25, za ta iya karɓar fam 400.14 a wata a 2025, ban da taimakon kuɗin haya. Amma sai ta yi hattara da tambayar da ke kan fom ɗin, wadda ke cewa ko tana sana'ar kanta. Ta saba amsa wa hukumar haraji da e, to a nan dole ta bayyana ƙarara cewa riƙo take yi, ta kai takardar amincewar da aka yi mata. In ba haka ba jami'in da bai taɓa cin karo da mariƙiya ba yana iya sa ta sahun 'yan tasi, ya ce ta riƙa kawo lissafin ciniki kowane wata.

Ba a kuma tilasta mata neman wani aiki. Babbar mai kula da yaron da bai kai shekara ɗaya ba, ba a neman komai daga gare ta. Daga shekara ɗaya zuwa 16, ganawa da jami'i lokaci-lokaci kaɗai. In aka ɗauke yaro tana jiran wani, ana ba ta mako takwas a kan wannan matsayi. Bayan nan sai a fara kallon ta kamar kowa.

Shi kansa ɗan riƙon, a littafin tallafi ba ɗanta ba ne. Ba za ta karɓi kuɗin yara na mako-mako a kansa ba, wanda a 2025 fam 26.05 ne ga ɗan fari, 17.25 ga na bayansa, kuma ba za a ƙara mata kason yaro a tallafin bai-ɗaya saboda shi ba. Hujjar gwamnati ita ce ƙaramar hukuma ta riga ta biya. A kan 'ya'yan cikinta kuwa tana da haƙƙinta cif. Inda aka buɗe ƙofa shi ne naƙasa. Yaron da bai kai 16 ba mai lalura yana da nasa tallafin, kuma mariƙiya ce kan nema ta riƙe masa. In an ba shi matsakaicin mataki ko na sama a ɓangaren kulawa, ita ma tana iya neman alawus na masu jinya, fam 83.30 a mako a 2025, muddin tana kula da shi awa 35. Sikotilan tana da nata sunayen da nata ofishin a kan waɗannan biyun.

Batun ɗaki ya taɓa tada ƙura. A Afrilun 2013 aka fara rage taimakon haya ga masu zama a gidajen hukuma da ke da ɗakin da ba kowa: kashi 14 cikin ɗari a kan ɗaki ɗaya, 25 a kan biyu. Jama'a suka sa masa suna harajin ɗakin kwana. Tunda ɗan riƙo ba a lissafa shi cikin iyali, ɗakin da yake kwana a ciki ya zama fanko a takarda, alhali kuwa yawanci ba a amincewa da mariƙi sai yana da ɗakin da zai ba yaro. Ƙungiyoyin mariƙa suka yi ca, ana saura 'yan makonni dokar ta fara aiki gwamnati ta sassauta: an yarda da ƙarin ɗaki ɗaya, har tsawon shekara guda ko da ba yaro a ciki. Ɗaya tak. Mai riƙon wa da ƙanwa a ɗakuna biyu sai ta je ta roƙi agajin haya na ƙaramar hukuma, wanda ganin dama ne.

Sai ajiya. Tsohon tallafin haraji bai damu da abin da mutum ya tara a banki ba. Sabon ya damu: daga fam 6,000 ake fara ragewa, fam 4.35 a wata a kan kowane 250, in ya haura 16,000 kuma an rufe. Kuɗin riƙo da ba a gani ranar da ya shigo, in ya daɗe a asusu yana iya rikiɗa ya zama dukiya. Shi ya sa masu ba da shawara ke nanata cewa ajiyar yaro da kuɗin naƙasarsa a buɗe musu asusu daban, kada su cakuɗa da na gida.

Sifilin da ya cece ta daga haraji, shi ne kuma yake haƙa mata rami a wani wuri, kuma wannan ne ɓangaren da aka fi sakaci da shi. Fanshon gwamnati a Birtaniya ba kyauta ba ne ga duk wanda ya tsufa. Shekaru ake ƙirgawa na gudummawar inshorar ƙasa: 35 kafin a samu cikakke, wanda a 2025 fam 230.25 ne a mako, kuma mai ƙasa da shekara 10 ba shi da komai. Mai albashi ana cire masa tun kafin kuɗin ya zo hannunsa. Mai sana'ar kansa da ribarsa ta kai fam 6,845, a ma'aunin 2025, ana rubuta masa shekarar. Mariƙiya mai riba sifili fa? Tana iya shekara 15 tana tashi tsakar dare saboda 'ya'yan wasu, littafin inshorarta kuwa fari fat.

Maganin yana nan, kuma ba tsada, sai dai ba ya zuwa da kansa ga kowa. Wadda ke karɓar tallafin bai-ɗaya, ko kuɗin yara a kan ɗan cikinta da bai kai 12 ba, ana rubuta mata shekarar ba tare da ta nema ba. Sauran hanya biyu gare su. Ko dai su cike fom mai lamba CF411A, su haɗa da wasiƙar hukumar riƙonsu da ke tabbatar da cewa an amince da su a wannan shekarar, a rubuta musu kyauta. Ko kuma su biya gudummawar sa-kai ta masu sana'ar kansu, fam 3.50 a mako a 2025, wato fam 182 a shekara. Ta kyautar fansho kaɗai take ginawa. Ta biyan tana ƙara buɗe ƙofar alawus na haihuwa da tallafin rashin lafiya, abin da ya kamata mace mai ƙuruciya, wadda ba ta da hutun jinya daga kowa, ta yi wa kallo biyu. Wadda ta bari shekaru suka wuce sannan ta zo cike giɓi da gudummawar gama-gari, fam 17.75 a mako za ta biya a farashin 2025, ninki biyar.

Haka sifilin ke bin ta banki ranar da ta je neman bashin sayen gida. Takardar haraji ta ce ba ta samun komai. Sai ta nemi bankin da ya san aikin, ta kai masa takardun biyan da hukumar riƙo ke aiko mata kowane wata. Wanda ya zubar da su ya zubar da shaidarsa.

Duk wannan gata na wadda hukuma ta tantance ta kuma ba ta yaro ne. Riƙo irin na gida, wanda iyaye ke shiryawa tsakaninsu, dokar yara ta 1989 ta ba shi nasa babin. Yaron da bai kai 16 ba, in zai yi kwana 28 ko fiye a hannun wanda ba danginsa na kusa ba, dole a sanar da ƙaramar hukuma, rashin yin haka laifi ne. Dangin kusa a wannan doka su ne kaka, wa ko ya, baffa, kawu, gwaggo, inna, da mijin uwa ko matar uba. Ɗan baffan uba, ko aminiyar uwa da aka tashi tare a unguwa ɗaya a Kano, duk bare ne, komai ƙarfin zumuncin. 'Yan Afirka ta Yamma suna da tarihi da wannan babi. Daga shekarun 1950 zuwa 1970 ɗalibai da yawa daga Najeriya da Gana sun ba Turawa riƙon 'ya'yansu suna biya, don su samu sararin karatu. Jarumin fim Adewale Akinnuoye-Agbaje a haka ya tashi a garin Tilbury, har ya yi fim a kan rayuwar tasa a 2018. Mutuwar Victoria Climbié kuma, 'yar shekara takwas daga Kwaddibuwa, a Landan cikin Fabrairun 2000 a hannun wata 'yar'uwar kakanninta, ita ta jawo binciken Lord Laming da dokar 2004 da ta ƙara tsaurara sa ido. Mai irin wannan riƙo ba shi da alawus daga hukuma, ba shi da rangwamen harajin nan. Abin da yake iya nema shi ne kuɗin yara na mako-mako, wanda aka hana mariƙiyar hukuma. Shi ma sai in takardar zamansa ta yarda, domin biza da yawa na ɗalibai da ma'aikata suna ɗauke da sharaɗin hana taɓa kuɗin gwamnati, kuma kuɗin yara da tallafin bai-ɗaya duk suna cikin jerin.

Ranar da ɗan riƙo ya cika 18, a doka ya daina zama ɗan riƙo. Tun 2014 a Ingila yana iya ci gaba da zama a gidan har ya kai 21 in shi da mariƙiyar sun yarda. Rangwamen haraji yana bin wannan zaman, fam 495 a mako a 2025 kamar na babban yaro. Amma abin da ƙaramar hukuma ke biya sau da yawa yakan ragu, saurayin kuma yanzu baligi ne mai iya neman tallafin kansa ya biya hayar ɗakin da ya girma a ciki, wanda hakan ke iya taɓa lissafin tallafin ita mai gidan. Dokar ta ce tun yana ɗan 16 jami'ansa su fara tsara masa hanyar fita, kuma a wannan zaman ne mariƙiya ke da damar neman a rubuta mata, fam nawa daga hukuma, fam nawa daga yaron, da wanda zai cike ragowar.